Baƙi suna ƙaruwa, katanga tana zubewa: nazarin lamarin wani ƙauyen manoman shinkafa a Ifugao

Ƙauyen da gonakinsa

Ƙauyen da wannan nazari ya bi sawunsa yana lardin Ifugao, cikin tsaunukan Cordillera da ke arewacin tsibirin Luzon a ƙasar Filifin. Ba za a ambaci sunansa ba, domin abin da ya same shi ya sami maƙwabtansa, kuma galibin matakan da aka ɗauka a kansa na lardin ne gaba ɗaya. Yana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Banaue. Motar dare daga Manila takan kwana a hanya, kusan awa tara zuwa goma, kafin ta shiga garin Banaue. A da, daga nan sai a hau ƙaramar mota zuwa bakin wani tudu, a sauka a gangara da ƙafa, kaya a ka ko a baya, har a kai gidajen farko.

Babu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a wurin. Kakanninsu sun sassare jikin tsauni hawa-hawa, suka tokare kowane hawa da katangar dutse, suka cika bayanta da ƙasa, suka daddaɓe sama da laka don ta riƙe ruwa. Wata katangar takan fi tsayin mutum biyu. Wanda ya san gonakin Sukur a tsaunukan Mandara na jihar Adamawa ya san irin ginin, sai dai na Ifugao a cikin ruwa suke shekara zagaye. An daɗe ana cewa gonakin sun kai shekara dubu biyu. Tone-tonen da masanin kayan tarihi Stephen Acabado ya jagoranta sun nuna cewa noman shinkafa a kansu ya bunƙasa ne wajen shekara ɗari huɗu da suka wuce, lokacin da mutane suka hau tsauni don guje wa mulkin Sifaniyawa.

Abu uku ne ke riƙe da gonar. Na farko daji ne da ke can sama, wanda ake kira muyong, kowane yanki mallakar wani gida. Shi ke tare ruwan sama yana sakinsa kaɗan-kaɗan ta idanun ruwa. Na biyu hanyoyin ruwa, waɗanda ke ratsa jikin tsauni, wani wurin ta cikin gora, su zuba a gonar sama, ta cika ta tsiyaya a ta ƙasa, har zuwa rafi. Na uku hannun mutum. Idan gona ta bushe, lakar takan tsage. Ruwan sama na farko ya bi tsagar, katanga ta kumbura ta zube, kuma a kan gonar maƙwabcin da ke ƙasa take zubewa. Saboda haka ba wanda ke barin gonarsa shi kaɗai ya yi asara.

Shinkafarsu ta gado, wadda ake kira tinawon, sau ɗaya ake nomanta a shekara. Mata ke zaɓen iri, su yi dashe da cire ciyawa, su girbe zangarniya ɗaya-ɗaya da 'yar ƙaramar wuƙa, su ɗaure ƙananan dammuna. Maza ke juya laka da doguwar shebur ta katako, su gyara katanga, su ɗauko dammunan a kan sanda zuwa gida. Babban aiki da gayya ake yinsa: yau gonarka, gobe tawa, kuma idan katanga ko hanyar ruwa ta rushe, unguwa ce ke fitowa. Ana fara dashe tare ne bayan gidan da al'ada ta ba jagorancin noma ya fara, domin idan shinkafa ta nuna lokaci guda, ɓera da tsuntsu ba sa taruwa a gonar mutum ɗaya.

Ko a wancan zamani shinkafar ba ta ciyar da yawancin gidaje shekara guda. Watanni take yi ta ƙare, a cike giɓin da dankali da ake nomawa a gangaren daji, da kifi da ƙananan dodon koɗi na cikin gonar. Gado kuma ba a raba shi daidai: babban ɗa, mace ko namiji, shi ke ɗaukar kaso mafi tsoka, ƙannai su nemi abin yi. Wannan tsari ya hana gona ta daddatse, amma ya sa tun asali ƙauyen yana da matasan da idonsu ke kan hanya.

1973 zuwa 1990: zuwan baƙi

A 1973 shugaba Ferdinand Marcos ya sa hannu a doka mai lamba 260, wadda ta sanya gonakin Ifugao cikin dukiyar al'adun ƙasa. A cikin shekarun nan na 1970 gwamnati ta gina babban otel a Banaue, ta kuma shiga tallata gonakin a ciki da wajen ƙasa. Garin ya cika da ƙananan masaukai da shagunan tsaraba. A bakin hanya, inda aka fi hango gonaki da kyau, tsofaffi suka fara zama cikin tufafin gargajiya, baƙo ya ɗauki hoto da su ya miƙa 'yan kuɗi.

Ƙauyenmu, wato wanda muke nazari, bai shiga cikin wannan nan take ba, tunda mota ba ta zuwa. Waɗanda suka fara isa gare shi matasa ne 'yan ƙasashen waje masu goyon jaka, waɗanda suka ga Banaue ta cika da gine-gine suka nemi inda ba a taɓa ba. Suna buƙatar mai nuna hanya, da wurin kwana, da abinci, da mai ɗaukar kaya. Gidajen da ke bakin hanyar shigowa, inda ake kallon kwarin gaba ɗaya, su suka fara ware ɗaki, daga baya suka ƙara bene na katako, suka kafa tebur da benci a baranda.

Kuɗi ya shigo wurin da a da sai an je ci-rani ake ganinsa. An biya kuɗin makaranta, an sayi magani, an cire jinka an sa kwano. Babu mai hankalin da zai raina wannan. Uwar da ta daina ɗaukar dankali zuwa kasuwa a kafaɗa saboda ta sami masu cin abincinta a ƙofar gida ta sami sauƙi na gaske.

Shekarun 1990: abin da ya sauya a gona da cikin gida

Sauyin ya fara ne daga ƙodago. Saurayin da ya iya ɗan Turanci, idan ya raka baƙi yini ɗaya, yakan sami abin da ya ninka ladan yini a cikin laka, kuma a hannu, a ranar. Baƙi sun fi zuwa a watannin rani, daga ƙarshen shekara zuwa wajen Mayu, lokacin da ake gyaran gona da dashe. Gayya kuwa bashi ce: wanda bai zo gonarka ba, ba za ka je tasa ba. Da masu zuwa suka ragu, sai mai gona ya koma ɗaukar 'yan ƙodago da kuɗi, su kuma suka fara auna ladansu da abin da ɗan jagora ke samu. Gidan da ke da masauki ya iya biya. Gidan da ba shi da komai sai gona ya zaɓi hawa biyu ko uku da ke kusa da ruwa, ya bar na nesa.

Ginin katangar dutse sana'a ce da ake koya da shekaru. Magini yakan juya dutse a hannu har ya sami fuskar da za ta zauna, ya kwantar da katangar kaɗan zuwa jikin tsauni, ya cusa ƙananan duwatsu da ƙasa a baya, ya daddaɓe, sannan ya ɗora sahu na gaba. Ba siminti, ba igiyar awo. Yaron da ya kamata ya tsaya kusa da shi yana miƙa dutse yanzu yana makaranta a gari, ko yana gaba da baƙi a kan hanya. Ba yawon buɗe ido kaɗai ya janye matasa ba. Makaranta, da aikin ma'adinai a lardin Benguet, da birnin Baguio, da Manila, da gonakin kwari a Nueva Vizcaya da Isabela, da aikatau a ƙasashen waje, duk sun kwashi rabonsu. Abin da baƙi suka ƙara shi ne, ko wanda ya zauna a ƙauye yana iya rayuwa ba tare da ya shiga laka ba.

Sai daji. Baƙi suna son sassaƙa: cokula, akusa, da kwaikwayon gunkin bulul da ake ajiyewa a rumbun shinkafa. Masassaƙan Ifugao sun shahara, kasuwa ta buɗe musu har Baguio da Manila da ƙetare. Icen daga muyong yake fitowa. A al'ada mai daji yakan sare ɗaya ya bar goma, ya dasa wani. Da oda ta yi yawa, sara ya fi dashe sauri a wurare da dama. Wasu gidajen ma tsofaffin gumakan kakanninsu suka sayar wa dillalan kayan tarihi.

Sai ruwa. Masauki yana buƙatar bayi da wurin wanka da wanki, ga kuma gidaje da suka ƙaru. Baƙaƙen bututan roba suka fara sauka daga idanun ruwa, suna ratsa gonaki, kai tsaye zuwa tankuna. Kowane bututu ƙaramin abu ne, amma daga inda hanyar ruwan gona ke sha suke sha, kuma a rani suke jan ruwa sosai. Wanda gonarsa ke wutsiyar hanya shi ke fara ganin laka tana tsagewa.

Sai ƙasar kanta. Tunda babu fili sai gona, duk wanda zai yi sabon gini ko ya faɗaɗa masauki, hawa ɗaya na shinkafa yake busarwa ya kafa ginshiƙi. A cikin garin Banaue abin ya yi nisa, har benaye suka jeru a inda gonaki suke. A ƙauyenmu ya tsaya a kan tudun shigowa da gefen tsohuwar unguwa, amma alkiblar ɗaya ce. Baƙi kuma a kan bakin katanga suke tafiya, domin ita ce hanya, kuma bakin nan na laka ne da aka yi don ƙafar mai gona.

A kan waɗannan ne masifu na waje suka sauka. Girgizar ƙasa ta 16 ga Yuli 1990 ta lalata hanyoyin ruwa, ta karkatar da wasu idanun ruwa. Wani babban dodon koɗi da aka shigo da shi ƙasar a shekarun 1980 don ci ya bazu cikin gonaki yana cinye sabon dashe. Manyan tsutsotsin ƙasa, irin tana amma masu kauri da tsawo, suka riƙa huda katanga ruwa yana zurarewa. Fari na 1997 zuwa 1998 ya busar da gonaki da dama. Irin wannan ɓarna a da gayya ke gyara ta kafin dashe na gaba. Yanzu sai ta kwana, ta shekara.

1994 zuwa 2002: suna, ofisoshi da jerin haɗari

A 1991 aka sanya hoton gonakin Banaue a bayan takardar kuɗin ƙasar ta peso 1,000 ta wancan lokaci. A 1994 gwamnatin Fidel Ramos ta kafa hukuma ta musamman don kula da su. A 1995 hukumar UNESCO ta sanya rukuni biyar na gonakin, a ƙananan hukumomi huɗu, cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Ƙauyenmu yana ciki. Gonakin da ke kewaye da garin Banaue, waɗanda aka fi ɗauka a hoto, ba su shiga ba, saboda yawan gine-ginen zamani a cikinsu.

Sunan ya ƙara jawo baƙi. Hukumar ta rubuta tsare-tsare, amma kuɗin aiwatarwa bai zo yadda aka tsara ba. A 1999 gwamnatin Joseph Estrada ta rushe ta, ta kafa wani kwamitin aiki mai ƙarancin kuɗi da ma'aikata. A 2002 gwamnatin Gloria Arroyo ta rushe shi ma, ta miƙa aikin ga gwamnatin lardi. Cikin shekara takwas ragama ta shiga hannu uku.

A ɓangaren daji, an bi ta hanyar hani. Dokar gandun daji ta ƙasa tana kallon gangaren tsauni a matsayin ƙasar gwamnati, don haka mai muyong da ya gaji itatuwansa daga kakansa yana iya zama mai laifi idan ya sare ɗaya. A 1996 ma'aikatar muhalli ta fito da lasisi na musamman ga masu muyong a Ifugao. Neman takardar yana cin lokaci da kuɗin mota, kuma masassaƙa da yawa sun ci gaba da sana'arsu a wasu larduna inda ice ya fi sauƙi, wato an ƙara rasa hannu a gona.

A ɓangaren noma, an kawo iri na zamani mai saurin nuna, don a yi girbi biyu. A gonakin da ke ƙasa-ƙasa, inda akwai ɗumi, ya ba da amfani, amma yana son taki da maganin ƙwari na saye, maganin kuma yana kashe kifi da sauran abin da ake ci daga gonar. A can sama sanyi ya hana shi yin kirki. Inda ya karɓu, ya wargaza dashe tare: wannan yana girbi, wancan yana dashe, ɓera yana samun abinci duk shekara.

A Disamba 2001 UNESCO ta sanya gonakin cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Ƙiyasin da aka bayar shi ne an yi watsi da kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na gonakin, hanyoyin ruwa sun lalace, gine-gine suna tashi ba tsari, kuma babu tsayayyen mai kula.

2002 zuwa 2010: aiki ya dawo lardi

Gwamnatin lardi ta buɗe ofishin kula da gonaki da al'adu, hukumar al'adu ta ƙasa ta ba da peso miliyan 50. An fara da abin da manoma suka fi kuka da shi: hanyoyin ruwa na gama-gari, sannan katangu. An riƙa biyan mutanen gari su yi aikin da kansu. Inda aka gyara ruwa, gonakin da aka bari sun fara komawa hannu, domin mai gona ba ya zuba ƙarfinsa a katangar da ya san za ta bushe.

Tsarin biyan kuɗi ya zo da nasa ciwon. Wasu suka daina taɓa katangar da ta zube, suna jiran a sa ta cikin lissafin gwamnati. An kuma zuba siminti a wurare da dama saboda ya fi sauri kuma ya fi sauƙin lissafi a takarda. A hanyar ruwa ya rage yoyo. A katanga kuwa ba ya barin ruwa ya tsiyaya, kuma idan ya fashe manomi ba ya iya ɗinke shi da dutsen da ke gabansa.

A wannan lokaci ne wasu abubuwa uku suka taso daga wajen ofis. Wata ƙungiyar 'yan lardin mai suna SITMo, wadda aka kafa a 2000, ta fara shirya ziyarar da ke bin kalandar noma, musamman a ƙaramar hukumar Kiangan: baƙo ya zo lokacin dashe ko girbi, ya kwana a gidan manomi, ya shiga laka, kuɗinsa ya tsaya a unguwar. Ta kuma haɗa tsofaffin magina da masana iri da matasa don a koyar da abin da makaranta ba ta koyarwa.

Daga 2005 wani shiri ya fara sayen shinkafar gado daga ƙungiyoyin manoman Cordillera ana kai ta Amurka, a farashin da ya fi na shinkafar kasuwa nesa ba kusa ba. An koya wa manoma tsince iri, da busarwa, da tacewa yadda mai saye ke so. Ta haka tinawon ta zama abin da ke kawo kuɗi. Iyakarsa a fili take: gidan da shinkafarsa ba ta kai shi rabin shekara ba shi da rarar sayarwa. Wasu sukan sayar da tasu da tsada su sayi ta kwari mai araha, lissafi ya fita, amma ba kowa ya yarda ya rabu da abincin da ake yi wa biki da shi ba.

A Janairu 2010 aka buɗe ƙaramar tashar lantarki ta ruwa a rafin Ambangal da ke Kiangan, mai ƙarfin kilowat 200, wadda wata ƙungiyar manyan kamfanonin lantarki ta duniya ta gina ƙarƙashin jagorancin wani kamfanin Japan. An tsara ribar sayar da wutar ta shiga asusun gyaran gonaki, an kuma yi ƙiyasin kusan dala 70,000 a shekara. A 2015 aka ƙara wata mafi girma a Likud da tallafin hukumar JICA ta Japan. Kuɗin ba shi da yawa idan aka raba shi ga lardi guda, sai dai ba ya jiran kasafin Manila.

2011 zuwa 2012: zaftarewa da gayya

A Fabrairu 2011 shugaba Benigno Aquino ya dakatar da sare itatuwa a dazuzzukan ƙasar, abin da ya ƙara matse masassaƙa. A ƙarshen Satumba da farkon Oktoba na shekarar, guguwa biyu, Pedring da Quiel, suka bi juna a kan Luzon cikin mako guda. A ƙauyenmu ƙasa ta zaftaro daga sama, ta keta tsakiyar gonakin, ta binne hawa bayan hawa da laka da duwatsu. Tabon yana daidai inda kowane baƙo ke nuna kyamara.

Gyaran ya fi ƙarfin masu gonakin. A 2012 aka farfaɗo da tsohuwar gayyar gyaran ɓarna, wannan karon har da mutanen waje. Masu sa-kai daga Manila da wasu garuruwa suka riƙa zuwa ƙarshen mako da shebur da kayan aiki, suna jeruwa suna miƙa dutse hannu zuwa hannu, maginan ƙauye suna ɗorawa. Gwamnati da kamfanoni sun sa kuɗi. Baƙin sun kwana a masaukan ƙauye, sun ci abincin ƙauye, sun ɗauki 'yan jagora. A hankali aka maido da yawancin abin da ya rushe.

A Yuni 2012, a taron da aka yi a birnin Saint Petersburg na Rasha, UNESCO ta cire gonakin Ifugao daga jerin haɗari, bisa gyaran hanyoyin ruwa da katangu da aka yi, da tsarin kula da aka kafa a lardi.

2013 zuwa 2022: hanya, korona, ambaliya

Bayan haka an ja titin siminti ya gangaro kusa da ƙauyen, tafiyar ƙafa ta ragu sosai. Mara lafiya ya sami sauƙin fita, buhun siminti da na shinkafar kwari suka sami sauƙin shigowa. Baƙi suka ƙaru, da yawansu kuma suka koma zuwa da safe su koma Banaue da yamma, ba kwana. Masu dakon kaya suka rasa wani sashe na aikinsu. Ana karɓar ɗan kuɗin shiga daga kowane baƙo, an kuma tsara 'yan jagora cikin ƙungiya mai farashi tsayayye. Manoman da ba su da masauki sun ci gaba da ƙorafin cewa abin da ke isa gare su daga duk wannan bai taka kara ya karya ba.

A Maris 2020 aka rufe Luzon saboda annobar korona. Baƙi suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya, kuma ƙasar ba ta sake buɗe wa 'yan yawon buɗe ido na waje ƙofa ba sai 10 ga Fabrairu 2022. 'Yan jagora da direbobi da masu masauki suka wayi gari ba sana'a, 'yan ci-rani suka dawo gida. Da dama suka koma gona, aka share wasu hawan da ciyawa ta cinye. Gidan da bai saki gonarsa ba yana da dammuna a rufin ɗaki da dankali a gangare. Wanda ya zuba komai a ɗakunan kwana ya zauna da gadaje ba kowa.

A Yuli 2022 ambaliya da laka suka ratsa tsakiyar garin Banaue bayan ruwan sama mai ƙarfi, suka lalata gidaje da shaguna. Baƙi sun dawo tun daga lokacin. Gonakin ƙauyen suna nan ana nomawa, mafi yawan masu nomansu manya ne, kuma har yanzu akwai hawan da ke kwance a gefe-gefe.

Hukunci

A ganina, kuskure ne a ce yawon buɗe ido ne ya kashe noman wannan ƙauye, ko a ce shi ya cece shi. Matasa za su fita ko da baƙo bai taɓa zuwa ba, kuma ba don idon duniya ba da wuya a tara kuɗi da hannun da suka gyara ɓarnar 2011. Laifinsa takamaimai ne. Abin da baƙo ke biyan kuɗin mota da otel don ya gani aikin manomi ne, amma kuɗin yana tsayawa a hannun kamfanin tafiye-tafiye, da otel na gari, da mai mota, da mai baranda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bai tsaya nan ba: sana'ar baƙi ta tsadar da ƙodago, ta sha daga ruwan gona, ta ci daga dajin da ke ba da ruwan. Manomin da bai sami komai ba ya biya wani sashe na kuɗin hidimar.

Matakan da suka gaza sun yi tarayya a abu guda: sun nemi kare abin kallo ba tare da sun sauya lissafin mai gona ba. Suna na duniya, da hukumomin da ake kafawa ana rushewa, da hana sare ice, ba wanda ya sa gyaran katanga ya fi raka baƙo riba. Iri na zamani ya duba yawan amfani ya manta cewa gonakin jiki ɗaya ne.

Waɗanda suka yi aiki sun taɓa ruwa ko aljihun manomi kai tsaye. Gyaran hanyar ruwa ya zo farko saboda amfaninsa na kowa ne kuma ba mai iya yinsa shi kaɗai. Farashin shinkafar gado ya biya mutum don ya noma, ba don ya tsaya a ɗauke shi hoto ba. Asusun lantarki ya ɗaure kuɗin gyara da ruwan da dajin ke bayarwa. Gayyar 2012 ta yi nasara ne domin mutanen waje sun zo a matsayin masu miƙa dutse, ragamar aiki tana hannun maginin ƙauye. Biyan lada don gyara yana da amfani a babbar ɓarna, yana kuma lalata ɗabi'a idan ya zama shi ne hanyar gyara kowace tsaga.

Abin da na fi damuwa da shi, kuma babu matakin da ya taɓa shi sosai, shi ne wanda ya mallaki gonar. Babban ɗa, mai gadon kaso mafi girma, shi ne kuma sau da yawa aka fara kai wa makaranta, yana Baguio ko Manila ko ƙetare. Gonarsa tana hannun ɗan'uwa a kan noma-mu-raba. Mai riƙon zai yi dashe ya yi girbi, amma ba zai kashe watanni yana tayar da katangar da ba tasa ba, alhali mai ita na iya karɓe ta baɗi. Tsohuwar al'adar Ifugao ta san wannan matsala: wanda ya farfaɗo da gonar da aka yi watsi da ita yana da haƙƙin cin amfaninta na wasu shekaru kafin ta koma ga mai ita. Da ƙaramar hukuma da dattawan unguwa za su mayar da wannan yarjejeniya a rubuce, mai wa'adi sananne, su kuma ware wani kaso tsayayye na kuɗin shiga a riƙa biyan mai noman kowane hawa gwargwadon tsawon katangar da yake kula da ita, ƙanin da ya zauna a ƙauye zai sami dalilin koyon gini a wurin tsofaffin maginan da suka rage.